Bayan Tanderun Baba

Shekara uku cur na yi ina damun mahaifina da maganar itace kafin ya ce in je in yi abin da na ga dama. Da na san aikin hannunsa zan raba shi da shi, wallahi da na ja bakina na yi shiru, ko kuma in tsaya in yi masa tambaya ɗaya tak. Amma a lokacin shekarata ashirin da bakwai, ga takardar makarantar koyon sana'a a akwati, ga baki, kuma a ganina ban taɓa yin kuskure ba, sai dai mutane su kasa gane ni.

Gidan burodinmu yana unguwar Ali Kazaure a Jos, a bayan gidan da aka haife ni. Ba wani babban wuri ba ne. Ɗakin kwaɓi ne, da ɗakin ajiye fulawa, da rumfar kwano, sai tanderu. Baba da kansa ya gina tanderun da jan bulo da laka tun kafin a yaye ni, bayan ya gaji da aikin haƙar kuza. Ma'aikata huɗu ne, dukkansu magidanta, kuma masu shayi na tasha da na bakin kasuwa su ne masu ɗaukar burodinmu. Ana hura wuta bayan sallar asuba, a sa burodin farko da hantsi, na biyu kuma bayan azahar saboda masu shayin yamma.

Baba ba ya kwaɓi, ba ya yanka, ba ya shafa wa gwangwani mai. Aikinsa ɗaya ne, wuta. Shi ke cewa a ƙara itace, shi ke cewa a kwashe garwashi, shi ke riƙe dogon cebur ɗin katakon da ake zura gwangwanaye da shi. Ba mai taɓa cebur ɗin nan ko da wasa. Ma'aikata suna kiransa Sarkin Wuta, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, alhali yana jin daɗin sunan har cikin ransa. A duk tsawon yarintata ban taɓa ganin burodinsa ya ƙone ko ya fito ɗanye ba.

Yana da wata al'ada. In an hura wuta, sai ya zagaya bayan tanderun, inda aka ajiye wani guntun benci, ya zauna ya jingina da bangon, carbi a hannu. Ya jima can, ya taso ya ce a ƙara itace uku, ya koma. Can kuma sai a ji muryarsa daga baya: "To, bismillah, a kwashe." Ni dai tun ina yaro na yanke wa kaina cewa sanyi yake gudu. Wanda ya san Jos da damina, lokacin da yayyafi zai wuni yana zuba, hazo ya sauko har kan kwanon gida, ba zai yi mamakin dattijo ya nemi bango mai ɗumi ba. Ban taɓa tambayarsa ba, don ban ga abin tambaya a ciki ba.

Da na gama makaranta na samu aiki a wani kamfani a hanyar Bukuru, a ɗakin tukunyar tururi. A can idona ya buɗe. Duk bututun da tururi ke bi an naɗe shi da wani farin abu mai kauri, kuma shugabanmu yana da ɗabi'ar zagayawa yana dafa su da tafin hannu. In ya ji zafi a waje, ranar kowa sai ya sha faɗa. Yakan ce zafin da hannunka ya ji a waje mai ne ka saya ka zubar a ƙasa. Ran Lahadi in na dawo gida, sai in zagaya bayan tanderunmu in dafa bangon. Kai! Ba ka iya barin hannunka a kai. Hayaƙi na fita ta baki, ƙofar kuwa wani tsohon kwano ne ake jinginawa a tokare da dutse. Kajin unguwa sun mayar da gindin bangon gidansu, matan gida suna shanya kayan yara a kai, tsofaffi biyu uku kullum suna zaune a wajen suna hirar zamanin Turawan kuza. Kowa na jin daɗi, ni kaɗai nake jin haushi.

Haushin kuwa da dalili. Jos duwatsu ne da fili, itace daga nesa ake kawo shi, daga gangaren dutse can hanyar Bauchi da hanyar Zariya. A shekarun nan da kuɗi suka yawaita a ƙasa, komai ya yi tsada, itace ya fi kowa rashin kunya. Ga kuma manyan gidajen burodi sun fara fitowa da tanderun lantarki da na gas, da motocinsu masu rubutu a jiki suna zagaya tasha. Ƙananan gidaje irin namu wasu suka rage girman burodi, wasu suka rage sukari. Baba ya ce shi ba zai yi ko ɗaya ba. Na ce to, Baba, sai a rage itace. Ya dube ni ya ce, "Injiniya ke nan." Tun daga ranar sunan ya bi ni, kuma ba yabo ba ne.

Abin da nake so a yi ba wani abin al'ajabi ba ne. A zagaye tanderun da bango na biyu, a bar fili tsakani a cika shi da toka da ɓuntun shinkafa don zafi ya daina tsiyayewa. A sa ƙofar ƙarfe mai rufuwa sosai, a ɗora bututun hayaƙi mai marfi. Shi ke nan. Amma duk lokacin da na kawo maganar, Baba yana da amsa a aljihu, kuma abin haushin, amsoshin ba na banza ba ne.

Ya ce aikin zai ci mako biyu ba gashi. Mai shayi ba zai rufe teburinsa ya jira ka ba, gobe zai karɓi na wani, kuma in bakin mutanensa ya saba da na wancan, ka yi ta kira. Ya ce mai kawo mana itace abokinsa ne tun a ramin kuza, sun ci ƙasa tare. "In na ce ya rage lodi, da wane ido zan dube shi?" Ya ce matan unguwa da ke zuwa da kasko ɗibar garwashi, tun uwayensu ake ba su. Sannan ya kawo wadda ta fi ƙarfi: "Wa ka gani ya yi a garin nan? Nuna mini mutum ɗaya." Ba ni da wanda zan nuna. Kowa jira yake wani ya fara ƙona fulawarsa tukuna.

Ni kuma ba na iya lallashi. Da na ji an ƙi maganata sai murya ta tashi. Inna, mahaifiyata, ta sha jawo ni gefe ta ce, "Kai ɗan nan, da ubanka kake magana, ba da leburan kamfani ba." Sai in yi ƙwafa in hau kekena in tafi.

Damina ce ta yi mini aikin da bakina ya kasa. A shekara ta ukun ruwa ya ɓata hanya, motar itace ta kafe kwana da kwanaki. Muka koma bin mata masu tallan itace ɗauri ɗauri, shi ma jiƙaƙƙe, sai hayaƙi ba wuta. Kwana biyu burodin safe bai fito ba sai kusan azahar. Wani mai shayi a Gada Biyu, wanda ya shekara goma sha yana ɗaukar namu, ya aiko da gaisuwa da ban haƙuri, ya ce ya koma wa masu mota. Wannan ta taɓa Baba. Ranar bai ci tuwon rana ba.

Sai na yi dabarar da ya kamata in yi tun farko. Na daina magana da kaina, na nemo wanda Baba zai saurara. Akwai wani dattijo magini a Anguwan Rukuba, Kirista ne, shi ya gina wa kamfanonin kuza murahun narka ƙarfe a da, kuma sun san juna da Baba tun suna samari. Na ɗauko shi a bayan keke. Ya zagaya tanderun sau biyu, ya dafa nan ya dafa can, ya yi dariya da Hausarsa ta Jos ya ce, "Oga, wutanka yana gudu ta baya. Kana ciyar da unguwa ne, ba burodi ba." Maganar da na shekara uku ina faɗa ke nan, amma da ta fito daga bakin mai furfura sai Baba ya riƙa gyaɗa kai. Da yamma Inna ta sa baki. Washegari ya kira ni ya ce, "Injiniya, je ka yi. Sharaɗi ɗaya: kada a taɓa mini bulo ko ɗaya na ciki."

Muka riƙe sharaɗin. Cikin ya hana a taɓa, bai ce komai a kan baya ba, don bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai iya hana bango yin zafi ba. Na ɗauki hutu a kamfani. Muka roƙi wani gidan burodi su riƙa gasa mana rabin abin da muka saba don kada masu shayi su watse gaba ɗaya. Kwana goma sha biyu muna aiki, ni da magini da ma'aikatanmu, muna tankaɗe toka har hancinmu ya toshe. A wajen masu sayar da tsofaffin ƙarafa na samo ma'aunin zafi mai fuska kamar agogo, da allura ɗaya, na dasa shi a jikin ƙofar. Baba ya leƙa shi ya ce, "Wannan agogon ƙarfe nawa yake nunawa?" Aka yi dariya. Da muka gama, ni da kaina na ɗauko guntun bencin nan na mayar masa da shi bayan sabon bangon, ina jin kaina ɗa mai tunani.

Muka yi kwana uku muna ɗan hura wuta kaɗan kaɗan don ginin ya bushe. Ran na huɗu, wata Asabar, aka yi kwaɓi cikakke, buhu biyu. Bayan an hura wuta na hau keke na zagaya tasha da kasuwa ina gaya wa masu shayi cewa yau burodinmu na gida zai fito, su aiko da hantsi. Ban tsaya ba. Don me zan tsaya? Wuta ai ta Baba ce.

Da na dawo, tun daga bakin layi na ga bututun yana fitar da wani irin zafi har iska na rawa a samansa. Na jefar da keken na shiga. Allurar agogon ta wuce duk inda ya kamata, ta kusa kwanciya a ƙarshe. Babban mai kwaɓinmu ya matso ya raɗa mini cewa sau biyar Baba yana zagayawa baya yana dawowa yana cewa a ƙara. Itacen da na ware don kwana biyu ya ƙare. Kwaɓi kuma ya tashi har yana neman zubowa daga gwangwani, don haka Baba ya ce ba sauran jira, a kwashe garwashi a sa haka nan, sai dai a bar shi ya daɗe a ciki tunda tanderun bai gama kamawa ba. An sa, an rufe, tun ɗazu.

Na ce, "Baba, a buɗe! Zafi ya yi yawa!"

Ya ce, "Bai yi ba. Bulo bai sha ba tukuna."

Na nuna masa agogo. Ya ce zafin bakin tanderu da wanda fuska ke ji duk na harshen wuta ne, yanzu zai wuce. Shi bai yarda da shi ba. Muna cikin haka wari ya fito. Na fizgi tsumma na buɗe ƙofar da kaina, abin da ban taɓa yi ba a gabansa. Hayaƙi baƙi ƙirin ya turnuƙe rumfar. Buhu biyu na fulawa, da sukari, da man, duk sun zama gawayi. Ga mutanen masu shayi sun fara taruwa a ƙofa da kwalayensu.

A nan na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. A gaban ma'aikata huɗu, da baƙi a bakin ƙofa, na ɗaga murya na ce, "Haba Baba! Ga abu a gabanka yana nuna maka, kai kana can baya kana jin ɗumi! In ba za ka iya ba ka bar wa wanda ya iya mana!"

Baba bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai, cikin sanyin murya ya ce, "Ɗumi nake ji, Injiniya? Shekara talatin da bayana nake auna tanderun nan. In zafi ya ratso bulo ya taɓa ni ta cikin riga a nan," ya nuna tsakanin kafaɗunsa, "na san ciki ya ƙoshi. In ya sauko ƙugu, ya yi yawa. Yau na zauna, na zauna, bango sanyi ƙalau."

Inna lillahi. Sai a lokacin na gane. Zafin da nake kira asara, wanda na shekara uku ina yaƙi da shi, shi ne ma'aunin mahaifina. Na toshe shi da toka da hannuna, na mayar masa da benci, na hau keke na tafi.

Da yamma na same shi a zaure na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, fulawa ce, Allah zai mayar. Na ce ba fulawar nake nufi ba. Ya ce ya sani, ya yafe. Kuma na yarda ya yafe, don Baba ba ya riƙo. Washegari na samo jan fenti na ja layi a fuskar agogon daidai inda ya kamata allura ta tsaya, na ce masa, "Baba, ba sai ka karanta lamba ba. In ta kai ja, shi ke nan." Ya ce to.

Ya gwada, wallahi ya gwada. Mako guda yana tsaye a gaban ƙofar ƙarfen nan, ya ƙanƙance ido yana kallon allura, cebur a hannu. Burodi ya riƙa fitowa lafiya lau, kuma da itacen da bai fi rabin na da ba. Gashi na biyu ma wani lokaci ba a sake hura wuta sosai, zafin safe na nan. Ni sai murna, ina shiga ina fita ina washe baki. Ban lura ba cewa ma'aikata sun daina kallon fuskar Baba, agogo suke kallo. Ran nan yana tsaye, bai kai ga buɗe baki ba, babban mai kwaɓi ya waiwayo daga inda yake ya ce, "Ta kai ja, a kwashe." Ba da raini ya faɗa ba, gaskiya ya gani ya faɗa. Aka kwashe. Baba ya zura gwangwanayen ranar har ƙarshe, ya jingine cebur a bango, ya wanke hannu. Washegari ya ce gwiwa na damunsa, in ci gaba.

Na ajiye aikin kamfani na riƙe gidan. In faɗi gaskiya, gyaran ya cece mu. Gidajen burodi biyu a unguwarmu sun rufe a shekarun nan, mu ba mu rufe ba. Masu sana'a irin tamu suka riƙa zuwa kallo, su dafa bango su ji sanyi su riƙe baki, biyu daga ciki har suka ɗauki maginin ya yi musu. Mai itace ya rage lodi, ya kuma ci gaba da zuwa gaisuwa ran Juma'a. Matan kasko suna samun garwashi, sai dai ba kamar da ba, kuma sun gaya mini hakan a fuskata. Tsofaffin bayan bango suka koma wani wuri da hirarsu, kaji ma suka watse.

Baba kuwa kullum bayan asuba sai ya sa babbar rigarsa da hular sanyi ya fita, ba ya dawowa sai la'asar. In an tambaya, ya ce wajen abokai yake zuwa a kasuwa. Na ji daɗi ma, na ce dattijo ya samu hutu. Wata huɗu ina wannan wautar.

Maginin ne ya tsare ni wata rana a Gada Biyu, ina kan keke da kwalin burodi. Bayan gaisuwa ya ce, "Oga ƙarami, ka san babanka yana unguwanmu kowane rana?" Ya ce akwai wata mata a bayan cocinsu, mijinta ya rasu ya bar mata ƙaramin gidan burodi da tsohon tanderu, mai gashinta kuma ya gudu ya koma wajen masu mota. Baba ya ji labari ya je da ƙafarsa. Na gaya wa maginin abin da ya faru ran Asabar ɗin nan, da maganar bayan Baba. Ya dafe kai. Ya ce, "Kash! Da ka gaya mini, da na bar masa ƙaramin taga a baya. Bulo huɗu kawai, ba zai ci itace ba." Na ce ban sani ba ne. Ya ce, "Ba ka tambaya ba."

Washegari da hantsi na bar wa babban mai kwaɓi gida na tafi Anguwan Rukuba. Ana yayyafi. Ban sha wahalar nema ba, hayaƙin ne ya kai ni. Wuri ne da bai kai rabin namu ba, rumfar na yoyo, ƙofar tanderun guntun kwano. Baba yana tsaye a bakin wuta, ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya naɗe hannun ta ciki, yana zaro gwangwanaye da wani cebur da aka ɗaure wa ƙota da waya. Ba alamar ciwon gwiwa. Matar tana gefe tana jera burodi a tebur tana cewa, "Sannu Baba, sannu Baba." Fuskarsa na sheƙi da gumi, kuma rabon da in ga haske irin wannan a fuskarsa tun kafin mu taɓa tanderunmu.

Da ya gan ni bai daina aiki ba sai da ya fitar da na ƙarshe. Sannan ya ce, "Injiniya, wa ka bar wa wuta?"

Na ce, "Baba, ka dawo gida. Magini ya ce zai buɗe maka taga a bangon baya, bulo huɗu. Gobe ma in ka yarda."

Ya goge fuska da gefen riga. Ya tambaye ni lodi nawa muke ci yanzu a wata. Na gaya masa. Ya jinjina kai ya ce, "Ka gani. Kai ne da gaskiya tun farko. Kada ka huda aiki mai kyau saboda tsoho." Na ce ba komai ba ne, ni na gina, ni zan huda. Ya yi murmushi ya ce, "Ko ka huda, mutanenka agogo za su kalla, kuma daidai ne su kalla. Can ba a bukatata. Nan kuwa in ban zo ba, baiwar Allah nan ba ta da abin ba 'ya'yanta." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma in ta tara abin yi, ka zo ka yi mata irin naka. Itace na cinye ta."

Mutumin da na kora daga bakin wutarsa yana nema wa tanderu na biyu gyaran da zai sake korarsa. Na tsaya ina kallon ruwa na ɗiga daga rumfa. Sau da yawa daga baya na yi ta cewa a raina, me ya hana ni a ranar in ce, Baba, zo mu zagaya baya, zaunar da ni, nuna mini yadda ake ji? Yana nan, tanderun na nan da zafinsa, taku biyar ne. Kunya da girman kai suka riƙe ni. Na gasa burodi shekara arba'in bayan nan, da itace da gas da lantarki, amma abin da mahaifina ya sani da bayansa ban san shi ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya. Ina kewarsa ƙwarai.

Da zan tafi ya zaɓi burodi biyu masu zafi, ya nemi izinin matar, ya naɗe su a takarda ya miƙo mini. Ya ce, "Tunda ka riga ka gani, kai wa uwarka."

Na sa su cikin riga saboda ruwa, na tuƙa har gida. Na tarar da Inna a ɗakin girki tana tsince shinkafa. Na ajiye mata ƙunshin ina tunanin ta inda zan fara. Ta buɗe, ta dubi bayan burodin, ta gutsura ta kai baki. Ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Ashe ka je."

Na ce, "Inna, da ma kin sani?"

Ta ce, "Wa ke wanke masa riga? Wata huɗu ina jin ƙamshin nan a jikinsa, ina kwaɗayinsa, bai taɓa kawo mini ko gutsure ba. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce ba zai shigo da burodin wani gida ba, kada ma'aikata su gani su ce na ɗansa bai yi masa ba."